Hagu da Dama a Siyasar Turai da Amurka: Sunaye Sun Tsaya, Mutane Sun Canza Mazauni



Wannan lacca za ta duba kalmomi biyu da ake yawan ji a labaran duniya, watau hagu da dama, da irin canjin da ya sami abin da suke nufi daga wajen 1979 zuwa yau. Za a fi mai da hankali ga ƙasashen Birtaniya da Amurka da Faransa, domin daga wancan ɓangare na duniya ne sunayen suka fito, a can ne kuma canjin ya fi fitowa fili.

Tun da fari akwai wata 'yar matsala ta harshe da ya kamata a kawar. A wurin Bahaushe hagu da dama ba su zama ɗaya ba. Da dama ake cin abinci, da ita ake gaisawa, da ita ake karɓar kyauta. Amintaccen mutum shi ne na hannun dama, wanda kuma ya sami sarari sai a ce ya sami dama. Hagu kuwa an bar mata aikin da ba a ambata a gaban mutane, kuma wanda ya juya magana an ce ya yi mata bahaguwar fahimta. Saboda haka duk wanda ya ji an ce wata jam'iyya ta hagu ce, yana iya zaton aibata ta aka yi. Masu fassara labarai sun kauce wa wannan tarko ta hanyar kiran na dama 'yan mazan jiya ko masu ra'ayin riƙau, na hagu kuwa masu neman sauyi ko 'yan gurguzu. Fassarar ta dace da zamanin da aka yi ta. Abin tambaya shi ne ko har yanzu tana nan daidai.

Asalin sunayen ba shi da nasaba da tsarki ko ƙazanta. Maganar wurin zama ce kurum. A 1789, lokacin juyin juya halin Faransa, majalisar ƙasa ta yi muhawara a kan ko za a bar wa sarki ikon hawa kujerar na-ƙi game da dokokin da ta zartar. Waɗanda suka goyi bayan sarki suka taru a dama da shugaban majalisa, waɗanda suke son a rage masa iko suka taru a hagunsa. Da ma a ce kujerun sun juya, da yau sunayen ma sun juya.

Gardamar dukiya

Bayan da masana'antu suka bunƙasa a Turai, sai gardamar ta tashi daga kan sarki ta koma kan dukiya. Wa ya kamata ya mallaki ma'adinai da jiragen ƙasa da bankuna, gwamnati ko 'yan kasuwa? Nawa za a karɓa daga mai hali, nawa za a kashe wa maras hali? A mafi yawan ƙarni na ashirin, amsar da mutum ya ba waɗannan tambayoyi ita ce ke nuna ɓangaren da yake, kuma galibi sana'arsa ce ke ba shi amsar. Lebura da mahaƙin kwal da direban jirgin ƙasa suna hagu tare da ƙungiyoyinsu na ƙwadago. Mai masana'anta da likita da lauya da babban manomi suna dama. Jam'iyyar Leba ta Birtaniya ƙungiyoyin ƙwadago ne suka haife ta, kuma tun 1918 ta rubuta a sashe na huɗu na tsarin mulkinta cewa burinta shi ne jama'a su mallaki hanyoyin samar da dukiya.

Da aka ƙare yaƙin duniya na biyu, hagu ce ke da rinjayen ra'ayi. Gwamnatin Clement Attlee, wadda ta hau mulki a 1945, ta mai da babban bankin Ingila da ramukan kwal da jiragen ƙasa mallakar gwamnati, sa'an nan a 1948 ta kafa tsarin duba marasa lafiya kyauta. Abin lura a nan shi ne, da jam'iyyar Kwanzabatib ta dawo mulki a 1951, ba ta rushe wannan gini ba, in ban da ƙarafa da motocin dakon kaya da ta mayar wa 'yan kasuwa. A Amurka ma, a zamanin Shugaba Eisenhower, wanda ɗan jam'iyyar Rifablikan ne, harajin da ake ɗora wa ƙololuwar kuɗin shigar manyan attajirai ya kai kashi 91 cikin ɗari. Watau a wancan zamani dama ce take bin sawun hagu, tana gyara abin da za ta iya, tana haƙuri da saura.

Shekarun 1970 ne suka karya wannan tsari. Farashin mai ya yi tashin gwauron zabo a 1973, hauhawar farashi a Birtaniya ta wuce kashi 20 cikin ɗari a 1975, ga rashin aikin yi, ga yajin aiki ba ƙaƙƙautawa, har ta kai gwamnatin Leba ta miƙa ƙoƙon bara ga Asusun Ba da Lamuni na Duniya a 1976. A cikin wannan hali ne Margaret Thatcher ta ci zaɓe a 1979, Ronald Reagan kuma a 1980. Aƙidarsu a taƙaice ita ce gwamnati ta janye hannunta, a rage haraji, a sayar da kamfanonin gwamnati, a buɗe iyakoki ga kaya da jari, a kuma karya lagon ƙungiyoyin ƙwadago. Thatcher ta sauko da ƙololuwar harajin albashi daga kashi 83 zuwa 60, daga baya zuwa 40 a 1988. Ta sayar da kamfanin tarho a 1984 da na iskar gas a 1986. Ta ba masu haya a gidajen ƙananan hukumomi ikon sayen gidajen da rangwame. Mahaƙa kwal suka yi shekara guda cur suna yajin aiki, daga 1984 zuwa 1985, suka koma bakin aiki ba tare da sun sami abin da suka nema ba. Reagan kuwa a 1981 ya sallami masu kula da sauka da tashin jiragen sama fiye da 11,000 saboda yajin aiki, kuma kafin ya sauka ƙololuwar haraji ta faɗo daga kashi 70 zuwa 28.

Mai sauraro zai lura cewa tun a nan fassarar nan ta Hausa ta fara tangal-tangal. Wadda ake kira 'yar mazan jiya ita ce take rushe abin da ta tarar, masu neman sauyi kuwa su ne suke roƙon a bar abubuwa yadda suke.

Hagu ta bi sawun dama

Faransa ta gwada bin wata hanya dabam. François Mitterrand ya hau mulki a 1981, ya mai da manyan bankuna da kamfanoni hannun gwamnati, ya ƙara albashi. Jari ya fara gudu, darajar kuɗin ƙasar ta yi ta faɗuwa, a 1983 sai ya ja da baya ya rungumi tsuke bakin aljihu. Sauran jam'iyyun hagu na Turai sun karanci wannan darasi da kyau. Da katangar Balin ta faɗi a 1989, Tarayyar Sobiyet kuma ta wargaje a 1991, sai kalmar gurguzu kanta ta zama abin da ɗan takara ke gudu.

Abin da ya biyo baya shi ne mafi muhimmanci a wannan tarihi, ko da yake ba shi da kwarjinin yajin aiki ko faɗuwar katanga. Jam'iyyun hagu sun dawo mulki, amma sai da suka amince da mafi yawan abin da suka yi shekara goma sha suna yaƙa. Tony Blair ya sa an soke sashen nan na huɗu a 1995. Da ya ci zaɓe a 1997 bai karɓo kamfanonin da aka sayar ba, bai kuma soke yawancin dokokin da suka ɗaure ƙungiyoyin ƙwadago ba, sa'an nan ya bar wa babban banki ikon tsai da kuɗin ruwa. Bill Clinton ya tura yarjejeniyar cinikayya da Kanada da Meziko ta wuce majalisa a 1993, ƙungiyoyin ƙwadago suna ihu, kuma a majalisar wakilai ƙuri'un 'yan Rifablikan da suka mara masa baya sun fi na 'yan jam'iyyarsa ta Dimokurat yawa. A 1996 ya taƙaita tallafin da ake ba marasa galihu, a 1999 ya sa hannu a dokar da ta sassauta wa bankuna. A Jamus, Gerhard Schröder na jam'iyyar SPD ne ya shelanta rage kuɗin da ake ba marasa aikin yi a 2003.

Adalci ne a faɗi cewa waɗannan shugabanni ba su zama 'yan dama ba. Blair ne ya kawo dokar albashi mafi ƙanƙanta, ya kuma zuba kuɗi masu yawa a asibitoci da makarantu. Hujjarsu ita ce a bar kasuwa ta tara dukiya, gwamnati ta yanki rabonta ta yi wa talaka aiki. To amma fa wannan hujja ta manta da abu guda: mutumin da aka rufe masana'antar garinsu ba kuɗi kaɗai ya rasa ba. Ya rasa sana'ar da ya gada, da ƙungiyar da take tara shi da 'yan'uwansa, da mutuncin da yake da shi a gida. A 1979 'yan ƙungiyoyin ƙwadago a Birtaniya sun haura miliyan 13. Daga baya suka ragu zuwa wajen rabin haka. Rami na ƙarshe mai zurfi da ake haƙar kwal a ƙasar, watau Kellingley, an rufe shi a 2015. A Amurka, bayan shigar ƙasar Sin cikin Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 2001, masu aiki a masana'antu sun ragu daga wajen miliyan 17 a 2000 zuwa ƙasa da miliyan 12 a 2010, ko da yake injuna da karayar tattalin arziki ta 2008 su ma suna da nasu kason a ciki.

Takardar digiri

Idan manyan jam'iyyu biyu suka daina gardama a kan dukiya, ba zama za su yi shiru ba; wani abin gardamar za su nemo. Abin da ya cike gurbin shi ne batutuwan al'ada da asali: baƙi 'yan ci-rani, addini, zubar da ciki, auren jinsi, haƙƙin tsiraru, kare muhalli, da ikon da ƙasa za ta miƙa wa ƙungiyoyin duniya. A kan waɗannan batutuwa kuwa, abin da ya fi raba mutane shi ne zurfin karatu. Jami'o'i sun yawaita ƙwarai a waɗannan shekaru. Blair kansa a 1999 ya sa burin rabin matasan ƙasarsa su shiga manyan makarantu. Waɗanda suka fito da digiri suka taru a manyan birane, suka cika jam'iyyun hagu, suka zama 'yan majalisarsu da masu rubuta musu manufa. Masanin tattalin arziki na Faransa, Thomas Piketty, da abokan aikinsa sun bi diddigin zaɓuɓɓukan ƙasashen Yamma tun daga bayan yaƙin duniya na biyu, suka nuna cewa a shekarun 1950 da 1960 masu ilimi mai zurfi sun fi zaɓen dama, amma sannu a hankali abin ya juye, har suka zama ƙashin bayan hagu, alhali manyan masu dukiya galibinsu suna nan a dama. Ke nan sai aka wayi gari ɓangare ɗaya na malamai ne, ɗaya na attajirai, lebura kuwa yana tsaye a tsakiya yana duban wanda zai kira sunansa.

Ɗalibai da ma'aikatan ofis su ne ya fi kamata su tsaya a kan wannan batu, domin irinsu ne ake magana. Kafin Birtaniya ta fice daga Tarayyar Turai, mai digiri da yake aiki a Landan yana ganin buɗe iyaka alheri ne: yana iya zuwa aiki a Faris ko Balin, kayan kanti sun yi araha, mai gyara masa famfo ɗan ƙasar Folan ne mai sauƙin farashi. Shi kuwa mai gyaran famfo ɗan gari, wannan baƙo abokin takararsa ne. Da ƙasashe goma suka shiga Tarayyar Turai a 2004, gwamnatin Leba tana cikin ƙalilan da suka buɗe musu ƙofar aiki nan take, kuma waɗanda suka zo sun ninka abin da gwamnati ta yi tsammani. Wanda ya yi ƙorafi sau da yawa amsar da yake samu daga jam'iyyarsa ita ce shi mai ƙyamar baƙi ne. Akwai masu ƙyamar baƙi da gaske, kuma akwai 'yan siyasar da suka yi ta hura wutar don su ci moriyarta. Amma jam'iyyar da ta mai da ƙorafin magoya bayanta abin kunya, bai kamata ta yi mamaki ba idan suka nemi wata rumfar.

Sakamakon ya bayyana a akwatin zaɓe. A ƙuri'ar raba gardama ta 2016, kashi 52 cikin ɗari na masu zaɓe a Birtaniya suka zaɓi ficewa daga Tarayyar Turai, kuma garuruwan masana'antu na arewacin Ingila, waɗanda suka daɗe a hannun Leba, suna sahun gaba; a Sunderland abin ya kai kashi 61. A zaɓen 2019 mazaɓar Bolsover, wadda tsohon mahaƙin kwal Dennis Skinner yake wakilta tun 1970, ta faɗa hannun Kwanzabatib, haka ma Sedgefield, tsohuwar mazaɓar Blair kansa. Shekara biyu kafin wannan kuwa, Leba ce ta ci Kensington, ɗaya daga unguwannin attajirai na Landan, da Canterbury, garin ɗaliban jami'a. A Amurka, jihar West Virginia ta mahaƙa kwal, wadda ta zaɓi ɗan takarar Dimokurat a 1988 a lokacin da jihohi 40 suka ƙi shi, ta ba Donald Trump wajen kashi 68 cikin ɗari a 2016. A Faransa garin Hénin-Beaumont, shi ma na mahaƙa kwal, ya zaɓi magajin gari daga jam'iyyar Marine Le Pen a 2014. Mahaifinta ya sami kashi 18 a zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa a 2002, ita kuwa ta sami 41 a 2022, a zaɓen da 'yar takarar jam'iyyar Mitterrand ta kasa kai kashi 2 a zagaye na farko.

Idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Jam'iyyar dama da ta sami ƙuri'ar lebura ba za ta iya ci gaba da yi masa wa'azin Thatcher ba. Reagan ya ɗaukaka ciniki ba shinge, kuma a 1986 ya sa hannu a dokar da ta ba baƙin haure kusan miliyan 3 izinin zama. Trump, ɗan jam'iyyarsa, ya janye Amurka daga yarjejeniyar cinikin ƙasashen tekun Fasifik a 2017, ya ɗora kuɗin fito a kan ƙarafa da kayan Sin a 2018, ya kuma faɗaɗa shi ga kusan dukan ƙasashe a 2025. Le Pen ta yi adawa da ƙara shekarun yin ritaya zuwa 64 a 2023. Gwamnatin Kwanzabatib ce ta biya kashi 80 cikin ɗari na albashin ma'aikatan da annobar korona ta zaunar a gida a 2020. Game da Turai ma haka: Thatcher ta yi yaƙin neman a zauna cikin Kasuwar Tarayyar Turai a 1975, Leba kuwa ta shiga zaɓen 1983 da alkawarin ficewa, a 2016 kowannensu yana tsaye kusa da inda ɗayan ya taɓa tsayawa. Hagu ita ma ta ɗan matsa: Joe Biden bai cire kuɗin fiton da aka ɗora wa Sin ba, ƙari ma ya yi a 2024, kuma jam'iyyar 'yan ƙwadago ta Denmak ta ci zaɓen 2019 da manufar tsananta wa 'yan ci-rani.

Sai dai kada a zarce gona da iri. Wannan Trump ɗin shi ne ya rage harajin kamfanoni daga kashi 35 zuwa 21 a 2017, abin da ya fi yi wa masu hannun jari daɗi fiye da mahaƙin kwal na West Virginia. Dama ta canza harshe fiye da yadda ta canza lissafi. Haka kuma baƙar fata na Amurka, waɗanda da yawansu ma'aikata ne masu ƙaramin ƙarfi, mafi yawansu ba su bar Dimokurat ba. A 2024 Leba ta dawo mulki, ta kuma karɓo Bolsover, amma da kashi 34 kacal na ƙuri'un ƙasa, yayin da jam'iyyar Reform ta Nigel Farage ta sami ƙuri'a fiye da miliyan 4, ta zo ta biyu a mazaɓu kusan 100, yawancinsu na Leba. Lebura ya bar tsohon gidansa, amma alamu sun nuna haya yake yi a sabon.

Ya kamata a waiwayi Nijeriya a taƙaice, domin guguwar ta iso ta, har ma sunayen an taɓa shigo da su da hukuncin gwamnati. Arewa ta san tsohuwar gardamar tun kafin ta san sunayen. NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950, ta bayyana siyasa a matsayin gwagwarmaya tsakanin talakawa da masu sarauta, magajiyarta PRP kuwa da ta ci gwamnonin Kano da Kaduna a 1979, Abubakar Rimi da Balarabe Musa sun soke haraji da jangali. Aƙidar kasuwa ta shigo da shirin SAP a 1986. Kwamitin da gwamnatin Janar Babangida ta kafa don jin ra'ayin jama'a game da tsarin siyasa ya ba da shawarar a bi gurguzu a 1987, gwamnati ta ƙi. A 1989 sai ita kanta ta ƙirƙiro jam'iyyu biyu, ta rubuta musu manufa, ta gina musu ofisoshi, ta ce SDP ta ɗan karkata hagu, NRC kuma ta ɗan karkata dama. A zaɓen 1993 ta hagun ta tsai da Alhaji Mashood Abiola, ɗaya daga cikin manyan attajiran ƙasar, ta daman kuma ta tsai da Alhaji Bashir Tofa, shi ma ɗan kasuwa. Shekara 30 bayan haka, a zaɓen 2023, 'yan takara uku da suka fi samun ƙuri'a duk sun yi alkawarin janye tallafin man fetur, gardamar da ta fi zafi kuwa ta yanki ce da addini. Ɗaya daga cikin ukun, Peter Obi, tsohon shugaban hukumar gudanarwar wani banki, ya tsaya ne a inuwar jam'iyyar Leba, wadda Ƙungiyar Ƙwadago ta Nijeriya ta kafa a 2002, ƙungiyar da ita ce ta jagoranci yajin aikin gama-gari na 2012 don a maido da wannan tallafi.